Yadda na kusa shafe zanen Baba a Tamale

Tun ranar Lahadi da na dawo ba ku bar ni na huta ba. Zainabu ta zo har gida sau biyu, Mariyama kuma kullum sai ta turo murya: "Rashida, yaya Gana? Ina tsarabarmu? Ina atestasiyo, takardar shaidar gama karatun?" Duk wadda ta tambaye ni sai in ce lafiya lau, in kawo wani zancen. To ba lafiya lau ba ne. Har yau idan na ji fankar ordi, wato kwamfuta, ta tashi sai in bar ɗakin. Da baki ba zan iya ba ku labarin ba, kuka zai tare ni a tsakiya, shi ya sa na rubuta a nan grup ɗinmu na 'yan lise, makarantarmu ta sakandare. Kowa ta karanta sau ɗaya, a ƙyale ni.

Kun san wata ƙungiya ta zaɓe ni cikin 'yan matan da za a koya wa rubuta program kwana uku a Tamale. Sharaɗinsu ɗaya ne, kowa ta zo da ordi ɗinta. Ni ba ni da ita. Wadda ke gidanmu ita ce ta shagon ɗinki, irin kayan gwanjon nan na "France au revoir", da Yaya Salisu ya saya ya sa mata Linux, wai shi kyauta ne kuma ba ya wahalar da tsohon inji. A gida Tsohuwa muke ce mata, domin duk sanda aka kashe ta sai ta manta ranar da ake ciki, agogonta ya koma shekaru baya. Mun saba. Kawu yakan ce tsufa ne, mu yi dariya. Ba wanda ya taɓa ɗaukar abin a matsayin ciwo.

Abin da wasunku ba su sani ba shi ne abin da ke cikinta. Babanmu, Allah ya jiƙansa, duk rayuwarsa yana zana aikin wuyan riga da hannu a kan takardar buhun siminti. Kafin ya rasu, Yaya ya zauna da shi wata da watanni suna mayar da zanen cikin ordi, don keken surfani na zamani da Kawu ya kawo ya riƙa karantawa. Takardun ruwa ya cinye su daminar da ɗakin baya ya faɗi. Faifan da Yaya ya taɓa kwafewa a ciki ya mutu tun bara, kullum yana cewa zai sayi wani. Ke nan zanen Baba wuri ɗaya yake a duniya, cikin Tsohuwa. Da shi shagon yake ci, da shi muke ci.

Da na roƙi aro, Yaya bai ko ɗago kai daga kwanon tuwo ba. Ya ce, "A'a."

Inna ta ce, "Salisu, ba ta. Ni na tsaya mata."

"Inna, ba rowa nake yi ba. Yarinyar nan ko shayi ta ɗauko sai ta zubar."

"Na ce ni na tsaya mata."

Washegari Kawu ya kwashi zane uku da zai yi aikin mako da su, Yaya kuma ya rubuta mini modepas, kalmar sirrin ordin, a tafin hannu, ya ce in haddace in wanke. "Wannan shi ne makullin komai. Idan ta tambaye ki shi, ki tsaya ki yi tunani sau biyu. Kin ji ko?" Na ce na ji.

Ranar Laraba bayan asuba ya kai ni tasha a babur kafin ya wuce aikinsa a Kossodo. Na naɗe Tsohuwa cikin zanen Inna na ɗora a cinya. Wadda ta zauna kusa da ni a mota wata Bamosa ce mai jiki, Madam Awa, tana zuwa saro robobi. Ba mu fita Waga ba ta riga ta san sunana, da unguwarmu, da cewa na faɗi bak, jarrabawar gama lise, bara. Hanyar Po kun san yadda take yanzu da matsalar tsaro. A sauka, a jeru da kati a hannu, jandarma ya kalli fuska ya kalli hoto, a hau. Can gaba kaɗan a sake. Da muka shiga dajin nan kafin Po direba ya kashe kiɗa, motar ta yi tsit, har jaririn da ke baya ya yi shiru. Ina ta karanta duk addu'ar da na iya. Madam Awa ta zuba mini gyaɗa a hannu ta ce, "Yel ka ye, 'yata, ba komai. Amma wannan da kike rungume da shi tun daga Waga, ba za ki ba shi nono ba?" Na yi dariya ba don ina so ba.

A Dakola ba a daɗe ba, kati da karnen rigakafi, wato takardar shaidar allura, kawai. A Paga ne na fara jin kunya. Jami'in Gana ya yi mini tambaya da Turanci, duk Turancin lise ya gudu ya bar ni, na ce masa "oui". Ya sake, na sake "oui". Sai ya juya Hausa: "Ina kake tafiya?" Na waiga baya ina neman namijin da yake yi wa magana. Ashe ni ce. Hausar can ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne, kwana huɗu ina namiji. Ya ce in kwance zanen in kunna. Da ekaran, fuskar ordin, ya haska ya leƙa, ya kira abokin aikinsa, suka nuna kwanan watan da ke sama suna dariya. "Injinka yana barci, bai san mun wuce nan ba." Ni ma na taya su dariya na rufe. Wallahi duk sanda na tuna dariyar nan sai in ji kamar in mari kaina.

Mun isa Tamale da la'asar. Garin bai ba ni tsoro ba, babura ko'ina kamar gida, mata da goyo suna tuƙi. Na sauka wurin Hajiya Memuna, ƙawar Inna tun suna 'yan mata, ita ma asalin iyayenta Kano. Ɗaki mai tsabta ta ba ni. Na zo sa caji sai na tarar ramin bangonsu uku ne masu faɗi, namu mai ƙafa biyu zagaye ya ƙi shiga. Hajiya ta ɗauko murfin biro ta cusa a ramin sama, ta danna nawa a na ƙasa, ya shige. Na ja da baya ina salati. Ta ce, "Ke, haka duk baƙin Faransi suke yi a gidan nan, ba wanda ya mutu." Tuwon zafi ta yi mini da miyar ayoyo, ya fi namu laushi. Burodinsu kuwa ban gane masa ba, zaƙi da taushi kamar kek, na yi kewar namu dogo mai ƙaras-ƙaras. Da safe aka sayo wake da shinkafa a ganye. Mu irinta da muke kira benga, mai da gishiri ya ishe ta, su sai sun ɗora taliya, da gari, da ƙwai, da wani baƙin yaji da ya sa na yi hawaye a gaban mutane.

Ranar Alhamis aka fara. Malamin ya bayyana cewa harshen da za mu koya sunansa Python, kuma kafin ordi ta ji harshen sai an sa mata injin da ke karanta shi, sabon fitowa. Tsohuwa tana da shi amma na da. Ya raba takarda mai layi uku, a rubuta su a baƙar tagar nan da ake ba ordi umarni. Kowa ta rubuta, nasu ya hau gudu. Nawa ya tsaya ya fito da dogon rubutu. Na sake, haka. Na sake a hankali harafi bayan harafi, haka. Da Faransanci take magana, don haka Yaya ya saita ta: wai fayil ɗin "pas encore valide", lokacinsa bai yi ba tukuna, sai nan da kwana dubu da wani abu. Na ɗaga hannu. Malamin ya zo ya duba, ba ya jin Faransanci. Ni kuma na kasa mayar masa da Turanci. Ya ce in jira yana zuwa, ya ci gaba da sauran. Ina zaune ina kallon 'yan mata suna tafa hannu don ordi ta gaishe su da sunansu. Na taso tun daga Waga, na ratsa dajin nan, Inna ta tsaya mini, ga ni zaune kamar buhu.

Da aka tashi cin abincin rana ban fita ba. Na shiga waya ina nema. Na ga wani ya rubuta wa wani cewa idan sabo ya ƙi shiga, a cire tsohon tukuna. Abin ya yi mini daidai a kai, kamar a fitar da tsohuwar katifa kafin a shigo da sabuwa. Ban karanta amsoshin da ke ƙasa ba. Na rubuta umarnin cirewa. Ta tambaye ni modepas. Na tuna maganar Yaya, wallahi na tuna, amma na ji takun mutane suna dawowa, na sa. Ta jero sunaye cike da ekaran, ta tambaya ko in ci gaba. Na danna O, wato oui.

Sai rubutu ya fara zuba, suppression, suppression, suppression, wato shafewa, ba ya tsayawa. Hotunan gefen ekaran suka riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya ina kallo. Na danna duk abin da yatsana ya samu. Daga ƙarshe na kashe ta na kunna. Baƙi ƙirin. Sai wani ɗan farin layi a kusurwa yana ƙiftawa.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Fuskar Inna kawai nake gani tana cewa ni na tsaya mata.

Akwai wani mutum da ke kula da injinan zauren, suna ce masa Masta. Mutumin kirki ne, ya ga halin da nake ciki ya zo. Ya ce ƙaramin abu ne, minti ashirin, zai fomate ta ya sa sabon tsari mai sabon Python a ciki. Na gyaɗa kai, don a lokacin ko me aka ce mini zan gyaɗa. Ya soka kile ɗinsa, ɗan filashin nan na ajiyar fayil, ekaran ya haska, har na ji sanyi a raina. Yana ta danne-danne. Sai Allah ya sa na taɓa wata yarinya mai jin Hausa da ke kusa, na ce ta tambaye shi, kayan da ke ciki fa? Ta tambaya. Ya amsa yana kallon ekaran, yatsansa a kan maɓalli. Ta juyo ta ce, "Wai komai zai tafi. Ai kana da kwafi a gida ko?"

Na rufe murfin da ƙarfi, saura kaɗan in datse masa yatsu. Na fizge kile ɗin na ajiye masa, na naɗe Tsohuwa, na fita ba sallama. Na yi tafiya mai nisa a hanyar da ba ita ba kafin na tsayar da keke mai ƙafa uku, irin waɗanda suke kira yalo-yalo. A cikinsa Yaya ya kira. "Ya Tsohuwa take, tana aiki?" Na ce, "Lafiya lau, Yaya." Muryata ko rawa ba ta yi ba, wannan ma ya ba ni tsoro.

Hajiya ta ga na mayar da kwano yadda aka kawo shi. Ta zaunar da ni, na faɗa mata komai. Ta san Baba, rigar auren mijinta shi ya yi mata aiki. Ta ce, "Gobe ba za ki makarantar nan ba. Za mu wurin Fuseina."

Sista Fuseina tana da ɗan shago a kasuwar Aboabo, tsakanin mai sayar da bokiti da mai niƙa. Za ta yi shekara arba'in, da tabarau a goshi da wani a ido. Babanta gyaran agogo yake yi, ita ta gaji teburin ta koma waya da ordi. Ta saurare ni har ƙarshe ba ta katse ni ba. Tambayarta ta farko ita ce, "Mutumin ya danna na ƙarshe?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "To mu gani."

Ta danna maɓalli uku tare, baƙin ekaran ya kawo rubutu yana neman suna. Ta fara bugawa sai ta tsaya ta sauke tabarau. Inda take neman harafin a sai q ya fito. "Kai, mutanen Faransi! Har haruffa kun canza musu ɗaki?" Ta tashi daga kujerar. "Zauna. Ni ina faɗi, kai kana bugawa. Abin da ya amsa ka juya mini da Hausa."

Na ce ina tsoron in sake taɓa ta da hannuna.

"Da wannan hannun ka ɓata, da shi za ka gyara. Zauna."

Na sa suna da modepas. Ta ce in buga haruffa biyu, l da s. Na buga. Sai ga sunaye sun sauko fari a kan baƙi: aska takwas, aska biyu, tambarin Alhaji mai goro, wuyan liman, ganyen rimi. Yadda Baba yake kiransu da bakinsa, haka Yaya ya rubuta. Na kifa kai a teburin na yi kuka har mai bokiti ya leƙo. Hajiya tana ta alhamdulillahi. Fuseina ta bar ni na ɗan lokaci, sannan ta ƙwanƙwasa tebur. "Kuka daga baya. Kaya tukuna." Ta ciro kile biyu sababbi, ta sa na kwafe komai a kowanne, ta soka su a nata injin ta tabbatar sun buɗe. "Shekara nawa abin nan yana wuri ɗaya? Wanka yana da hankali kuwa?" Ban kare shi ba.

Ana kwafewa ne idona ya faɗa kan wani suna da ban taɓa ji ba: rashida bak. Na riƙe sunan a raina.

Daga nan ta ce in karanta mata abin da ya fara fitowa jiya. Na juya mata: lokacinsa bai yi ba, sai nan da kwana dubu da wani abu. Ta kalle ni ta saman tabarau. "Tambaye shi yau wace rana." Na buga, Tsohuwa ta kawo ranarta ta kullum, ta shekarun baya. Na ce ai haka take, tsufa ne, a gida duk mun sani.

"Kun sani kuka zauna?" Ta yi dariya har da tafa cinya. Ta bayyana mini cewa rumbun da ake ɗauko program yana buga kwanan wata a jerin kayansa. Tsohuwa ta duba ta ga kwanan yana gabanta da shekaru, ta ce wannan takardar ƙarya ce, ta ƙi karɓa. Da ta gyara agogonta da kanta idan ta hau intanet, amma Yaya ya kashe wannan don kada ta sha masa mega, datar intanet. Shi ke nan ciwon. Ba Python ba ne, ba ni ba ce, agogo ne. Tsohon Python da na cire kuwa, ta ce shi ne ginshiƙin da tagogi da hotuna da komai suke tsaye a kai. "Ba a cire shi. Sabon a gefensa ake ajiyewa, kowa da ɗakinsa."

Ta kwance bayan Tsohuwa ta ciro wani ɗan pil, ƙaramin batir, mai faɗi kamar maɓallin riga, irin na agogon hannu, ta sa sabo daga tsohuwar gwangwanin babanta. Na buga ranar gaskiya. Ta haɗa wayarta da igiya don intanet, ta yi ta faɗa ina bugawa, muka kira duk abin da na kora ya dawo. Yana tsakiyar saukowa wuta ta ɗauke. Batirin Tsohuwa minti goma yake yi. Na miƙe tsaye ina innalillahi, Fuseina ta fizgi igiyar ta ruga wurin mai niƙa, tana yi masa ihu da Dagbanci ya tayar da janareto. Haka muka ƙarasa, ordi a kan buhun masara, gari yana sauka a kanmu, ina kare ta da mayafina. Ana sallame Juma'a ta kunnu, da hoton shagonmu a ekaran kamar ba abin da ya faru. Layi ukun nan na takarda kuwa, ko minti biyar ba su yi ba.

Kafin mu tafi na buɗe fayil ɗin nan. Wuyan rigar mace ne, ƙananan ganyen zogale zagaye da shi, irin na bishiyar tsakar gidanmu da nake karatu a ƙarƙashinta. Fuseina ta ce, "Wannan na wa?" Na ce nawa ne. Daga sunan na gane Baba ya zana mini shi ne don ranar da zan ci bak, kuma ba wanda ya taɓa nuna mini.

Ranar Asabar na koma zauren. Na ba Masta haƙuri, ya ce ba komai. Na rubuta program ɗina na farko, Tsohuwa ta gaishe ni da sunana. Atestasiyo kuwa ba a ba ni ba, don sai wadda ta cika kwana uku. Mariyama, ga amsarki. A hanyar dawowa ban ga Madam Awa ba, kile ɗaya yana cikin rigata, ɗaya cikin jaka, a kowane shinge sai na taɓa su na ji suna nan.

Da na iso Yaya ko sannu da zuwa bai gama ba ya karɓe ta ya kunna. Ya buɗe zanen ya ga suna nan. Har ya kai hannu zai rufe sai ya tsaya, ya ƙura wa saman ekaran ido.

"Yau nawa ga wata?"

Na faɗa masa.

"Wa ya buɗe mata ciki?"

Na ce wata mata ce ta sa mata pil, don an ce agogon yana hana aiki. Ya daɗe yana kallona. Inna ta ce daga bakin murhu, "Ba na ce maka na tsaya mata ba?" Ya ɗauke ta ya tafi da ita shago. Kwana huɗu ke nan, duk sanda Inna ta yaba ni a gaban baƙi sai in tashi in shiga ɗaki.

Anti Balki, na san kina cikin grup ɗin nan, kuma na san ba kya ɓoye wa mijinki, Yaya Salisu, komai. Ban manta ba, da sani na rubuta. Abu ɗaya nake roƙo. Ki bari sai bayan la'asar, in kai wa Inna kile ɗaya in faɗa mata da bakina. Daga nan ki miƙa masa wayar ya karanta, duk faɗan da zai yi na cancanta. Idan ya gama, ki ce masa ni ma ina da tambaya. Tun yaushe ya san da ganyen zogalen nan?